Darasin Juma'a: Idan Ka Ga Alherin Ɗanka, Faɗa Masa

 

Darasin wannan makon ya taso ne daga wata tambaya da muka yi wa yaran Islamiyyarmu ranar Asabar da ta wuce. Malaminsu ya ara mana minti goma, muka ce kowa ya faɗi magana ta ƙarshe da mahaifinsa ya yi masa kafin ya fito daga gida. Amsoshin kusan iri ɗaya ne: "Tashi daga nan." "Wa ya taɓa min waya?" "Bari in dawo, za ka gamu da ni." Wasu suka ce ba su ma ga Baba ba, ya fita tun asuba, motar tumatir ta iso. Sai muka sake tambaya, wa zai tuna ranar da aka ce masa "madalla" a gida? Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ranar saukar yayanta an faɗa wa yayan, ita ma tana wurin ta ji.

Mun yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Mu da muke tambayar iyaye ne, kuma da 'ya'yanmu aka tambaya, amsar da za su bayar ke nan.

Halin da muke ciki a nan

A gida Arewa, yaro yana tashi ne a gaban idanu da yawa. Ga kaka, ga gwaggo, ga baffa a zaure, ga maƙwabcin da zai kora shi gida idan ya gan shi inda bai dace ba. A nan Legas yawancinmu ɗaki ɗaya ne ko biyu a gidan haya, ban ɗaki na kowa da kowa, uba yana kasuwar Mile 12 tun kafin gari ya waye, uwa ita kaɗai da yara uku ko huɗu, ga girki, ga ɗibar ruwa, ga 'yar sana'arta.

Abubuwan da ke kewaye da yaran kuwa ba na wasa ba ne. Titin Ikorodu yana nan, danfo da manyan motoci da BRT ba sa tsayawa don ƙaramin yaro. Idan damina ta zauna, kwata takan cika ta shafe da hanya har ba a gane ina ne bakinta. Janareta yana ƙofar ɗaki, kalanzir yana cikin robar lemo, fiya-fiya tana ƙarƙashin gado. Ba mu manta da watan Yuni na 2024 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar cutar amai da gudawa, kuma ƙaramar hukumarmu ta Kosofe tana cikin wuraren da abin ya fi taɓawa.

To, tunda ba za mu iya bin yaro duk inda ya sa ƙafa ba, abin da zai raka shi shi ne ɗabi'ar da ta zauna masa a jiki: ya wanke hannu ko ba kowa a wurin, ya hau gadar tsallaka titi ko abokansa sun bi ta ƙasa. Tambayar darasinmu ita ce, ta yaya irin wannan ɗabi'a take zama?

Abin da kasuwa ta riga ta koya mana

Kowane ɗan kasuwa a cikinmu ya san amfanin gyara. Mace ta sayi tumatir, ka ƙara mata uku a kai, ka ce ta gai da gida. Gobe layin masu tumatir ya kai mutum hamsin, amma wurinka za ta nufo. Ba ka yi mata tsawa don ta dawo ba. Ta ji daɗin zuwa wurinka ne, shi ya sa ƙafarta ta saba.

Haka yaro yake. Abin da ya yi ya ga ya jawo masa fara'ar iyayensa, zai sake yi. Matsalar ita ce mu mun juya lissafin. Yaro ya wanke hannu sau biyar, ba wanda ya ɗaga kai. Ya zubar da miya sau ɗaya, gidan duka ya taso masa. A hankali sai ya gane cewa ba a ganinsa sai ya yi ɓarna. Wani yaron ma, da a share shi gara a yi masa faɗa, ko ba komai an kula shi.

Tsawa da bulala suna tsayar da yaro a lokacin, wannan ba mu musa ba. Amma darasin da yake ɗauka a ciki sau da yawa shi ne: kada Baba ya gani. Ranar da Baba ba ya nan fa? Ai ranar ce muke tsoro.

Yadda ake yabon da ke aiki

Na farko, a faɗi abin da yaron ya yi. "Yaron kirki" magana ce mai daɗi, amma ba ta nuna masa abin da zai maimaita ba. Gwada haka: "Yauwa ɗan albarka, na ga ka sa sabulu da ka fito daga ban ɗaki, ba wanda ya tuna maka. Allah ya yi maka albarka." Yanzu ya san takamaiman abin da ya faranta maka.

Na biyu, a yi shi nan take. Ƙaramin yaro ɗan shekara uku ko huɗu ba ya haɗa abin da ya yi da safe da yabon da aka yi masa da dare. Hannunsa na jiƙe, yabon na fita.

Na uku, kada a jira sai ya iya gaba ɗaya. Wanke hannu na sosai yana ɗaukar kamar daƙiƙa 20, da sabulu, a cuɗa tafi da bayan hannu da tsakanin yatsu. Yaro ba zai fara da haka ba. Yau ya tuna ya nufi wurin buta da kansa, a yaba wannan. Gobe a ce, "Saura tsakanin yatsu, mu gani." Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, kada a sa wa yabon ƙaya. Mun iya wannan ƙwarai: "Yau dai an yi abin kai, ba kamar jiya da ka zama jaki ba." Ko kuma, "Ka ga ƙanwarka ma ta fi ka hankali." Wannan ka ba shi da dama ka ƙwace da hagu. Wanda aka yaba da zagin ɗan'uwansa kuma, an haɗa su gaba ne kawai.

Na biyar, a faɗa wa yaro abin da zai yi, ba abin da zai bari kaɗai ba. Malamai suna kawo mana labarin Umar ɗan Abu Salama, wanda ya tashi a gidan Manzon Allah (SAW). Yana yaro, hannunsa yana yawo ko'ina a cikin akushi. Ba a kore shi daga wurin cin abincin ba. An ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Shi da kansa ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya kasance. Mu ma maimakon "kar ka yi gudu a titi", mu ce "riƙe hannuna har mu hau gada". Idan ya riƙe, ga abin yabo ya samu.

Tukuici daban, toshiyar baki daban

Wani zai ce, to yanzu sai mun biya yaro kafin ya yi abin da ya zama dole? A nan akwai bambancin da ya kamata mu riƙe.

Yaro yana birgima a ƙasa a gaban mai shago, ka saya masa biskit don ya yi shiru. Wannan toshiyar baki ce, kuma ka koya masa cewa birgima tana kawo biskit. Gobe zai ƙara ƙarfin kukan. Tukuici kuwa ana yin maganarsa tun hankali na kwance, sannan ba ya zuwa sai bayan aiki: "Idan ka kwana cikin gidan sauro har safe ba ka fito ba, kai za ka zaɓi tatsuniyar gobe."

Kuma ba sai da kuɗi ba. Ga abin da wasu gidaje a cikinmu suka gwada. A sami gwangwanin madara wanda ba komai a ciki, a ajiye a sama inda ƙananan yara ba sa kaiwa. A zaɓi ɗabi'a ɗaya tak, misali goge baki safe da dare, da burushi ko da asuwaki. Duk ranar da yaro ya cika, shi da hannunsa zai jefa ƙwayar wake ɗaya a ciki, a mayar sama. Idan wake ya kai biyar kafin Juma'a, tukuici ya tabbata. Mun ce biyar ba bakwai ba, domin idan kuskuren rana ɗaya zai rushe masa mako duka, ran Talata zai watsar da abin.

Mene ne tukuicin? Ya raka Baba masallaci ya riƙe masa darduma. A ba shi sabon fensir, ko lemon zaƙi, ko ayaba. Ya zauna kusa da kai a rumfa na awa ɗaya ran Lahadi. Wanda muka ga ya fi duka tasiri shi ne a kira Kaka a gida, ko a tura mata saƙon murya ta WhatsApp a gaban yaron: "Inna, ga mai sunan Malam nan, kwana biyar bai ci abinci ba sai da ya wanke hannu." Ita kuma ta aiko da nata kirarin da sa albarka. Wallahi yaro zai nemi a sake kunna masa saƙon nan sau goma. Ga ɗabi'a an gina, ga zumunci an ƙulla da gida.

Sai dai a kiyaye abu huɗu. Kada tukuici ya rushe abin da ake ginawa: ba a ba yaro alewa don ya goge baki. Kada a kwashe waken da ya riga ya tara saboda wani laifin daban. Haƙƙinsa ne, ya yi aikinsa. Kada a haɗa ɗabi'u biyar a lokaci ɗaya, a gama da ɗaya tukuna. Sannan idan abin ya zauna bayan 'yan makonni, a janye gwangwanin a hankali, a bar yabon baki da addu'a. Mai koyon keke ba a riƙe masa sirdi har abada.

Alkawari kaya ne

Wannan shi ne inda yawancinmu muke faɗuwa. "Yi shiru, zan sayo maka mota." "Sha maganin, gobe zan kai ka bakin ruwa." Mun san ba za mu yi ba. A cikin hadisi akwai labarin mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir, da ta kira shi yana yaro ta ce ya zo ta ba shi wani abu, alhali Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

A kasuwa mun san wanda ya ci bashi sau biyu bai biya ba, ba mai sake ba shi kaya. Yaro ma yana da littafin bashinsa a ka. Idan ya gane maganarka ba ta cika, ranar da za ka ce masa "kwalbar nan guba ce" ma zai ɗauka irin ta kullum ce. Ka yi alkawarin abin da aljihunka zai iya, ko na naira ɗari ne, ka cika a ranar da ka faɗa.

Masu iyali da yawa, musamman masu mata fiye da ɗaya, a yi adalci. Mun san yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ware masa shi kaɗai ban da sauran 'ya'yansa. Kowane yaro ya sami nasa gwangwanin da aikin da ya dace da shekarunsa. Ba gasa ake yi ba. Kuma a lura da yaron nan mai shiru-shiru wanda ba ya ba kowa wahala, shi aka fi mantawa da shi.

Yabon da zai iya ceton rai

Idan ba ku riƙe komai a darasin nan ba, ku riƙe wannan. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa ya ba mu labari, ya kuma yarda mu faɗa ba tare da suna ba. Ɗansa ya taka ƙusa a bayan gida inda aka hana su wasa. Saboda tsoron duka, yaron ya ɓoye, ya riƙa sa takalmi har cikin ɗaki. Sai da ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, sannan uwar ta gani. Allah ya sa an kai shi asibiti ya warke, amma an sha wahala, an kashe kuɗin da ba a shirya ba. Uban ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da ya tambaye shi don me bai faɗa ba, yaron ya ce, "Baba, ai za ka dake ni."

Saboda haka duk ranar da yaro ya zo da kansa ya ce ya yanke, ko kare ya cije shi, ko ya haɗiye wani abu, ko wani babba ya ba shi kuɗi ya ce kada ya faɗa a gida, kalma ta farko da za ta fito daga bakinmu ita ce: "Madalla da ka faɗa min." Ko da shi ya jawo abin da rashin ji. A fara da magani, maganar laifi ta jira har hankali ya kwanta. Haka kuma yaron da ya zo ya ce ƙaninsa yana wasa kusa da risho ko bakin rijiya, a gode masa, kada a ce ya cika kai ƙara.

Inda yabo ba ya isa

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Akwai nauyin da ba a ɗora wa yaro, komai yawan waken da ya tara.

Kalanzir, fetur, fiya-fiya da magunguna, a ɗaga su sama ko a kulle, kuma a daina zuba su a robar lemo ko ta ruwa. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha kalanzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja; amai na iya tura shi cikin huhu. A wuce asibiti kai tsaye. Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767. Janareta ba ya kwana a ɗaki ko a lungun da iska ba ta ratsawa, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, mutane suna barci take kashe su. Bokiti ko baho mai ruwa ba a barin sa a buɗe inda mai rarrafe yake. Yaron da bai kai kamar shekara goma ba bai iya auna gudun mota daidai ba, don haka ba a aikensa ya tsallaka babban titi shi kaɗai. Idan kuna tare, ku hau gada, ko da ta ƙara muku tafiya. A ƙananan layuka a koya masa ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu, don mun san akwai masu babur da keke da ke bin hannun da ba nasu ba.

Idan kuma ka ga yaro ya nufi titi a guje, ba lokacin lallashi ba ne. Ka daka masa tsawa, ka fizgo shi. Amfanin rage tsawa a kan ƙananan abubuwa ke nan: ranar da ka ɗaga murya, zai san da gaske ne.

Kuma yaro da ido yake koyo. Uban da ya tsallake ta ƙarƙashin gada yana jan hannun ɗansa, ya riga ya goge duk abin da aka koya a gida.

Abin da wasu za su ce

"Mu da bulala aka rene mu, ga mu mun zama mutane." Gaskiya ne, Allah ya saka wa iyayenmu da alheri. Amma mu tuna da kyau, ba bulala kaɗai muka samu ba. Akwai kakar da ke yi mana kirari, da gwaggon da ke ɓoye mana ƙanzo, da kawun da ke ba mu kwabo ran sallah. A nan waɗannan ba sa kusa. Idan uba da uwa ba su ɗauki wannan ɓangaren ba, yaro zai tashi da rabin tarbiyyar ne kawai, rabin mai ɗaci.

"Yabo zai kumbura masa kai, ai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa." Abin da ke kumbura kai shi ne a ce wa yaro ya fi kowa. Mu aikin da ya yi muka ce a yaba, kuma gaskiya muka faɗa, ya yi ɗin.

"Muna tsoron baki." To ba a ce a tara unguwa ba. Tsakaninka da ɗanka ne, a cikin ɗakinka. Ka ce masha Allah, ka sa masa albarka.

"Ɗan fari ne, ina jin nauyi." Mun san alkunya, ba mu ce a yar da ita ba. Wanda ba ya iya faɗin sunan ɗansa zai iya dafa kansa, zai iya ce wa uwar a inda yaron ke ji, "Yaron nan naki ya kyauta yau." Ya isa.

Aikin wannan mako

Iyaye mata, mun san ku ne a fagen, Allah ya ba ku lada. Roƙonmu ɗaya ne: idan maigida ya dawo da dare, kafin a karanto masa laifuffukan yini, a fara gaya masa abu ɗaya mai kyau da kowane yaro ya yi, a gaban yaron.

Iyaye maza, kafin a tambayi abinci ko a ɗauki waya, a tambaya: "Wa ya yi abin kirki yau?" Waɗanda iyalinsu ke gida Arewa, ku ma kuna ciki. Idan kun kira, bayan maganar kuɗin cefane, ku ce a ba yaro waya, ku faɗa masa abin da kuka ji ya yi.

Kowane gida ya zaɓi ɗabi'a ɗaya daga yau zuwa Juma'a mai zuwa. Shawararmu a fara da wanke hannu da sabulu bayan ban ɗaki da kafin cin abinci. Mun ajiye sabulu a wurin alwala saboda yaran Islamiyya, kuma malamansu sun yarda za su riƙa yaba duk wanda suka gani ya yi amfani da shi.

Nan da Asabar biyu, in Allah ya kai mu, za mu koma ajin nan mu sake yi musu tambayar da muka yi. Muna fatan wannan karon hannuwa za su tashi da yawa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su daga sharrin hanya da cuta, ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.

Sakataren masallaci, a madadin kwamiti